Shukura a Tarihin Tarbiyyar Sufaye: Daga Bagadaza zuwa Sifawa

In aka tambayi Bahaushe yaya aiki, sai ya ce da godiya. In aka tambaye shi gida ko kasuwa, sai ya ce an gode Allah, ko da kuwa ranar bai sayar da ko na anini ba. Wannan amsa ta zauna a baki har ta zama kamar numfashi, ba a tsayawa a yi tunaninta. Amma a bayanta akwai tarihi mai tsawo, domin malaman Musulunci sun shafe fiye da shekara dubu suna jayayya a kan mece ce godiya, da yadda ake koyonta, da kuma ko ita kaɗai ta isa ta zama hanyar da bawa zai bi ya kai ga Ubangijinsa. Jayayyar ta taso daga Iraƙi, ta ratsa Masar da Maroko, ta zo ta iske shugabannin jihadin Sakkwato a lokacin da mulki da dukiya suka faɗo hannunsu.

Kalmar da malamai suka fi amfani da ita ita ce shukura. Abin lura na farko shi ne kishiyarta. A cikin Alƙur'ani, kalmar da ake gwama shukura da ita sau da yawa ita ce wadda Hausa ta ara ta mai da ita kafirci, asalin ma'anarta kuwa a Larabci rufewa ne, har ma akan kira manomi da ita saboda yana rufe iri da ƙasa. Ke nan butulu shi ne wanda aka yi wa kyauta ya binne ta. Suratu Ibrahim ta yi alkawarin ƙari ga masu godiya, Suratu Saba'i kuma ta nuna cewa masu yawan godiya kaɗan ne a cikin bayi. Hadisi ya zo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura, da aka yi masa magana sai ya nuna cewa godiya ce take tsai da shi. A kan waɗannan tushe aka gina duk abin da ya biyo baya.

Tun a ƙarni na tara, Ibn Abid Dunya na Bagadaza, wanda ya rasu a 894, ya tattara hadisai da maganganun magabata a wani ɗan littafi da ya keɓe wa shukura. Amma sufayen farko sun fi karkata ga tsoro da kuka da gudun duniya. Daular Abbasiyawa tana cikin ganiyar arzikinta, su kuwa suna ganin arzikin nan tarko ne, saboda haka suka riƙi tsumma da yunwa. Cikin wannan yanayi ne wata tambaya ta taso wadda ta daɗe ana tafka muhawara a kanta: wa ya fi daraja, mawadaci mai godiya ko matalauci mai haƙuri? Junaidu, shugaban sufayen Bagadaza da ya rasu a 910, ya fifita matalauci. Abokinsa Abul Abbas ibn Aɗa'u ya fifita mawadaci. Shi Junaidun ne kuma ake ba da labarin cewa tun yana ɗan shekara bakwai, a majalisin kawunsa Sariyyu Saƙaɗi, aka tambaye shi ma'anar shukura, ya ce ita ce kada bawa ya saɓa wa Allah da ni'imar da Allah ya ba shi. Wannan amsa ta yaro ta fi yawancin sharhin manya tsawon rai.

Imamu Gazali

Wanda ya tsara wannan magana ta zama ilmi mai babi da fasali shi ne Abu Hamid Gazali, haifaffen Ɗus a ƙasar Farisa a 1058. Shi kansa ya ɗanɗani ni'ima irin wadda malami ke buri. A 1091 waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa suna zama gabansa, fada tana jin maganarsa. Bayan shekara huɗu, a 1095, harshensa ya ɗaure har ya kasa ba da karatu, domin ya duba zuciyarsa ya ga neman suna ne yake motsa shi. Ya bar kujera ya tafi Dimashƙa da Ƙudus da Makka. A cikin shekarun nan na keɓewa ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, mai littattafai 40, na 32 daga cikinsu kuwa shi ne wanda ya haɗa haƙuri da shukura.

Gazali ya ce shukura tana da sassa uku da ke bin juna: sani, da hali, da aiki. Sanin shi ne bawa ya gane cewa ni'ima daga Allah take, duk wanda ta biyo ta hannunsa kuwa ɗan aike ne. Halin shi ne farin ciki. A nan ne ya kawo misalin da ya shahara, na sarkin da ya aika wa wani bawansa da doki. Mai yiwuwa ne bawan ya yi murna don doki dukiya ne, wanda ko a daji ya tsince shi murnarsa ɗaya ce. Mai yiwuwa ne ya yi murna don kyautar ta nuna sarki yana tunawa da shi. Mai yiwuwa ne kuma ya yi murna don yanzu ya sami abin hawa da zai kai shi fada ya yi wa sarki hidima. Na farko, in ji Gazali, bai shiga sahun masu godiya ba sam. Na biyu ya shiga ta gefe. Na ukun shi ne mai shukura.

Sashe na uku, watau aiki, shi ne inda ya fi daɗewa, kuma shi ne wanda ya fi nauyi. Kowace ni'ima an halicce ta ne don wata hikima, godiyarta ita ce a sa ta a inda aka yi ta dominsa. Wanda ya karya reshen bishiya ba da wata bukata ba ya butulce wa ni'imar hannu da ta bishiyar duka. Sa'an nan ya juya kan kuɗi. Dinari da dirhami, a ganinsa, duwatsu ne da ba a ci ba a sha, an yi su ne su zama alƙalai tsakanin kayayyaki, don mai raƙumi da mai bukatar raƙumi su iya daidaitawa. Wanda ya binne su ya yi daidai da wanda ya kulle alƙalin gari a kurkuku. Wanda ya narkar da su ya ƙera kwanon cin abinci ya mai da alƙali ɗan dako. Mai cin riba kuma ya mai da ma'auni ya zama haja. Duk waɗannan, a lissafin Gazali, butulci ne, ko da bakin mai yin su bai gushe yana hamdala ba. Wanda ya riƙe muƙami ko hatimin ofis ba ya bukatar a fassara masa inda wannan ƙa'ida ta dosa.

Bai tsaya ga bayani ba, ya ba da darasin yi. Ya umarci mai karatu ya ɗauki gurasa guda ya bi sawunta baya: manomi, da shanun huɗa, da maƙerin da ya ƙera garma, da wanda ya haƙo ƙarfen, da ruwan sama, da iskar da ta koro girgije, har ya ga cewa loma ɗaya ba ta isa bakinsa ba sai da hannaye masu yawa suka yi aiki. Ya kuma ambaci masu ziyartar majinyata da maƙabarta da wuraren da ake hukunta masu laifi, don su tuna lafiya da rai da 'yancin da suka saba da su har suka daina ganinsu. Dalilinsa shi ne, gafala ce babbar abokiyar gabar godiya, kuma mutum ba ya ƙidaya abin da kowa yake da shi a cikin ni'ima sai ranar da aka karɓe.

Game da tsohuwar gardamar mawadaci da matalauci, Gazali bai yanke hukunci guda ba, ya ce abin ya danganta da halin kowane mutum. Malaman da suka zo bayansa, irin su Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim wanda ya rasu a 1350, sun tafi a kan cewa wanda ya fi taƙawa a cikin biyun shi ne mafifici.

Rigar Shazali

A wurin Gazali shukura maƙami ne guda a cikin maƙamai, tana zuwa bayan tuba, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da haƙuri. Wanda ya ɗauke ta ya mai da ita ƙofar shiga shi ne Abul Hasan Shazali, mutumin arewacin Maroko, almajirin Abdussalam ibn Mashish, wanda ya zauna a Tunis sa'an nan ya koma Iskandariyya, ya rasu a 1258 a Humaisara a kan hanyarsa ta zuwa hajji. Shazali yana sa tufafi masu kyau, yana hawan dawaki na ƙwarai. An ruwaito cewa wani mai sanye da tsumman gashi ya yi masa gori a kan haka, sai ya amsa masa da cewa tasa rigar tana shaida wa mutane ba ya bukatar kome a wurinsu, ta mai gorin kuwa tana roƙonsu. An kuma ruwaito daga wannan gida cewa gara murid ya sha ruwa mai sanyi, domin in ya sha mai zafi zai yi hamdala da ƙyar, in kuwa ya sha mai sanyi kowace gaɓa tasa za ta taya shi.

Akwai hikima a nan wadda ta wuce zancen riga da ruwa. Shazaliyawa sun lura cewa mai wahalar da kansa yakan faɗa cikin wani rami da bai gani ba, watau ya riƙa ƙidaya yunwarsa da rashin barcinsa kamar jarin da ya zuba, yana jiran riba. Mai farawa da godiya kuwa ya riga ya yarda cewa ko ibadarsa kyauta ce aka yi masa, saboda haka ba shi da abin taƙama. Abul Abbas Mursi, magajin Shazali, ya koya wa almajirinsa Ibn Aɗa'illah cewa halin bawa ba ya wuce huɗu, ni'ima ko jarraba ko ɗa'a ko saɓo, kuma kowanne da haƙƙinsa: godiya, da haƙuri, da ganin baiwar Allah, da istigfari. Ya kuma hana shi barin aikinsa na malamin fiƙihu. Ibn Aɗa'illah, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, shi ne mai Hikam, inda ya kamanta godiya da dabaibayin da ke hana ni'ima gudu. Wannan koyarwa ta sa ɗariƙar ta karɓu wurin fatake da alƙalai da ma'aikatan hukuma, mutanen da ba su da halin rufe shago su shiga halwa.

Bayan ƙarni huɗu, a birnin Fas, aka tambayi Abdul'aziz Dabbag, wanda ya rasu wajen 1720, bambancin hanyar Shazali da ta Gazali. Amsarsa, wadda almajirinsa Ahmad ibn Mubarak ya rubuta a cikin Ibriz, ita ce ta raba tarbiyya gida biyu a fili: hanyar shukura, wadda ya ce ita ce ta asali, da hanyar horon rai da yunwa da halwa, wadda ya ce daga baya ta zo. Abin mamaki ne cewa Gazali, wanda ba a sami wanda ya kai shi zurfafa bincike a kan shukura ba, shi ne aka laƙaba wa sunan hanya ta biyu. Tarihi yakan yi wa malamai irin wannan.

A wannan birni na Fas ne Shehu Ahmadu Tijjani, haifaffen Ainu Mali a 1737, ya sauka a 1798. Sarkin Maroko Maulaya Sulaimanu ya karɓe shi ya ba shi gida, ya zauna cikin wadata har rasuwarsa a 1815. Mabiyansa suna kiran ɗariƙarsa hanyar shukura, ba ta ɗora wa murid halwa ko barin sana'a, sai lazimi da wazifa da zikirin Juma'a. Alhaji Umaru Futi ya zo da ita Sakkwato a kan hanyarsa ta komowa daga hajji, ya zauna shekaru a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har rasuwar Bello a 1837. A ƙarni na ashirin ta yi ƙarfi a Kano, musamman bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a 1937, kuma ba abin mamaki ba ne da ta sami gindin zama a garin 'yan kasuwa. Masu suka, tun daga zamanin Shazali, ba su daina cewa wannan hanya tana iya zama mafakar mai son duniya ba, ya tara abin da ya ga dama ya kira shi bayyana ni'ima.

Gardamar wa da ƙane

Ƙasar Hausa ba ta jira zuwan Tijjaniyya ba kafin ta fuskanci wannan matsala. Ta fuskance ta a cikin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda Ƙadirawa ne, kuma tsakanin mutum biyu da suke uwa ɗaya uba ɗaya.

Kafin a zo ga gardamar, ya kamata a san cewa akwai wata tsohuwar al'ada ta malamai ta ambaton ni'imar Allah a rubuce, wadda suka ɗauko daga ayar ƙarshe ta Suratud Duha. Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, da wannan ma'ana ya sa wa tarihin rayuwarsa suna. Abdulwahab Sha'arani, wanda ya rasu a 1565, ya cika babban littafi da lissafin baiwar da aka yi masa. Malaman Sakkwato sun karanta waɗannan mutane, kuma Shehu ya bi sawunsu wajen ambaton abin da Allah ya yi masa, a Larabce da Fulatanci. A wurinsu ɓoye ni'ima wani nau'i ne na binne ta.

Shi Shehu a kan kansa mai zuhudu ne. Wajen 1788, a filin idi na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya ba shi kyautar zinariya mai yawa, ya ƙi karɓa, ya nemi a ba shi izinin wa'azi, a sassauta wa talakawa haraji, a saki fursunoni, a girmama masu rawani. A lokacin abin da sauƙin ganewa: ga sarki, ga malami, ga dukiyar da aka ƙi. Wahalar ta zo ne bayan hijira zuwa Gudu a 1804 da nasarar Tabkin Kwatto a wannan shekara, sa'ad da garuruwa suka fara faɗuwa, ganima ta fara shigowa, almajiran jiya suka zama masu tuta. Alkyabba da tambari da dawakin da aka ƙwato daga sarakunan Haɓe, me za a yi da su? Ni'ima ce da za a bayyana, ko kuwa su ne ainihin abin da aka yi yaƙi don a kawar?

Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, ya ga alamun ɓaraka tun da wuri. A 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka ba komowa. A cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya tsara a 1813, ya bayyana dalilinsa: yawancin abokan da aka fara tafiyar da su sun yi shahada, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu yana kan sarauta da ƙwaraƙwarai da tufafi da dawakin sukuwa a cikin gari. Da ya iso Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, jama'a suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya musu. Ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya haƙura ya koma.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, Shehu kuma ya koma Sifawa ya duƙufa kan rubutu. Littattafansa na wannan zamani, musamman Misbahu Ahliz Zamani da Najmul Ikhwani, suna da wani sauti dabam da na wa'azinsa na Ɗagel. Ya ga ɗalibai suna tsananta wa jama'a, suna kafirta mutane a kan abubuwan da malamai suka yi saɓani a kansu, suna kuma magana kamar ba a sami kome ba. Sai ya riƙa tunatar da su cewa addini sauƙi ne, kuma wajibi ne mutanen wannan zamani su gode wa Allah a kan abin da ya ba su na bayyanar addini da kafuwar hukuma, abin da kakanninsu ba su gani ba. Ya sassauta a kan wasu kayan kiɗa da laƙabin sarauta da tufafin ado ga shugabanni. A kan sa zinariyar ganima kuwa ya kafa hujja da labarin Suraƙa ɗan Malik, wanda Halifa Umaru ya sa wa mundayen Kisra bayan an ci daular Farisa, don cika alkawarin da Annabi ya yi masa da kuma nuna godiya ga Allah.

Abdullahi bai gamsu ba, kuma bai ɓoye ba. A cikin Liya'us Sulɗani da wasu littattafansa ya bi waɗannan mas'aloli ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabin ƙane ga wa da na almajiri ga malami, amma ba tare da ja da baya ba. A ganinsa labarin Suraƙa mu'ujiza ce ta Annabi da aka cika sau ɗaya, mundayen kuma an tuɓe su nan take an mai da su cikin ganima, saboda haka ba za a mai da shi ƙofar da kowane hakimi zai bi ya yi ado ba. Ya ƙi jinin kalmar sarauta irin ta mulkin gado, yana tsoron kada a wayi gari an canja mutane kawai an bar tsarin yadda yake.

In an duba da kyau, kowannensu yana riƙe da rabin maganar Gazali ne. Shehu yana tsoron gafalar da ke sa mutum ya kasa ganin ni'imar da ke gabansa, har ƙunci ya sa jama'a su watse. Abdullahi yana tsoron bawan da aka ba doki ya shagala da dokin ya manta da fada. Abin da ya faru a masarautu cikin ƙarnin da ya biyo baya ya nuna cewa tsoron Abdullahi ba na banza ba ne, ko da yake da wuya a ce daular za ta ɗore in da an bi tsananinsa a kowace mas'ala.

Shehu bai nemi a rufe bakin ƙanensa ba. A ƙarshen Najmul Ikhwani, littafin da ya fi kowanne bayyana saɓaninsu, ya shawarci jama'a su duƙufa kan karanta littattafan malaman zamaninsu, ya ambaci na Abdullahi da cewa shi mai tsare zahirin shari'a ne, na ɗansa Muhammadu Bello da cewa shi mai kula da ilmin siyasar al'umma ne, nasa kuma da cewa yana ƙoƙarin tsare ɓangarorin biyu. Ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Abdullahi ya ci gaba da riƙon yammacin daular daga Gwandu, yana karantarwa yana rubutu, har rasuwarsa a 1829.